Shekarar da Na Hana Iya Yi wa Jikarta Hausa

A gidanmu na Agege ni ce ta farko da ta taka jami'a, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. A lokacin ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Ogba, ranar Juma'a da yamma da wunin Asabar kuma ina zuwa karatun digiri a fannin ilimi. A shekarar farko, kafin kowa ya kama fanninsa, sai da aka ɗanɗana mana komai: ɗan tarihi, ɗan nazarin zamantakewa, ɗan abin da ya shafi doka, da wani darasi a kan yadda ɗan Adam yake girma tun daga ciki har tsufa. Kowane darasi 'yan makonni ne, da takardun lakca da kaurinsu bai wuce yatsa ba. Ni kuwa duk wanda na rubuta jarrabawarsa sai in ɗauka na gama da shi ke nan, ba sauran abin da ban sani ba.

Gidanmu gidan gado ne, ɗakuna na kallon juna, layin dogo kuma ba nisa da bayan katangarmu. Kakan mahaifinmu soja ne a zamanin Turawa, da aka sallame shi bai koma Arewa ba. Dukkanmu a nan aka haife mu. Hausa muke yi a ɗaka, Yarbanci a bakin famfo, Turancin buroka a kasuwa da cikin danfo, wato motar haya ta Legas, wani lokaci duka ukun a jimla ɗaya. A cikin wannan gida nake sauke abin da na kwaso daga makaranta. Baffanmu ya fara ba da labarin yadda kakan nan namu ya zo Legas, na katse shi na ce labarin ba shi da madogara a rubuce. Wata maƙwabciyarmu ta samu saɓani da mai gidan da take haya, na zaunar da ita na yi mata bayanin doka har ta manta abin da ya kawo ta. Sai aka sa mini suna Farfesa. Na san da tsokana a ciki, amma ina amsawa.

Yayana, wanda nake bi, fatu yake saya a mayankar Oko-Oba, ya sa musu gishiri ya sayar wa masu kai su Arewa. A aji uku na sakandare ya bar makaranta lokacin da mahaifinmu ya rasu, saboda haka karatuna ya fi faranta masa rai fiye da kowa. Matarsa tela ce, ta tashi a Isolo, uwarta Bayarabiya ubanta Bahaushe. Ko da yake ta girme ni, ba ta taɓa kiran sunana ba, Anti take ce mini. 'Yarsu ta fari yarinya ce mai manyan idanu, ba ta da rigima, idan kana magana sai ta kafe bakinka da ido kamar za ta haɗiye abin da kake faɗa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ita ke goyonta yawancin rana, don uwar tana kan keken ɗinki.

Yarinyar tana da shekara ɗaya da wata takwas ba ta ce Mama ba, ba ta ce Baba ba. Wata Asabar na dawo daga lakca bayan la'asar, na tarar da Iya da matar yayana a tsakar gida sun yi jugum, yarinyar na zaune a tabarma tana wasa da zaren ɗinki.

Iya ta ce, "Zo ki gani." Ta ɗauki murfin tukunya biyu, ta zagaya bayan yarinyar a hankali, ta haɗa su da ƙarfi. Ni kaina sai da na zabura. Yarinyar ta ci gaba da naɗe zarenta a yatsa.

"Sau uku ke nan yau," in ji Iya. "Kuma na daɗe ina lura. Jirgi zai wuce yana ƙara, tana barci a bayana, ko motsi ba ta yi. Ina ganin a kai ta a duba kunnen nan."

Na ajiye jakata na yi murmushin da har yau in na tuna shi sai in ji kamar in nutse. Na ce, "Iya, wannan sabo ne. Mun karanta shi. Yaron da aka haifa kusa da layin dogo, ga janareta ta ko'ina, kunnensa yakan saba da ƙara ya daina kula ta. Ku duba." Na je na buga ƙofar ɗakin da ke kusa da ita da ƙarfi, yarinyar ta waiwayo. Ban san cewa girgizar ƙasa da iskar ƙofar ta ji a jikinta ba. Na ce, "Kun gani ko? Tana ji."

Matar yayana ta ce, "To Anti, maganar fa? 'Yar maƙwabtanmu da tamu ta girma da wata biyu har tana kiran sunan mutane."

Nan na gyara zama. Na ce matsalar a fili take, harsuna ne suka yi wa yarinyar yawa. Iya na yi mata Hausa, uwarta na yi mata Yarbanci, ubanta na haɗa mata da buroka, ƙwaƙwalwarta ta rasa wanda za ta kama. Na kira sunayen matakan girman yaro da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskar matar yayana tana sakewa. Na ce magani shi ne a zaɓar mata harshe ɗaya, kuma tunda da Turanci za ta yi makaranta, a tsaya a kansa har bakinta ya buɗe.

Iya ta ce, "Ni ina na ga Turanci?"

Na ce, "Na ɗan lokaci ne, Iya."

Da yayana ya dawo aka gaya masa. Ya saurari Iya, ya saurare ni, sannan ya ce, "Iya, ita fa abin nan take karantawa. Mu bi nata mu gani." Iya ta tattara murafenta ta shiga madafa.

Haka aka kafa doka a gidan, ni ce kuma mai tsaronta. Na yanko kwalaye na manna musu hotuna, ƙwallo da kofi da kyanwa, kullum na dawo daga aiki sai in zaunar da yarinyar in riƙa nuna mata ina kiran suna. Tana da kaifin basira. Takan kalli leɓena ta motsa nata, wata rana har wani sauti ya fito mai kama da farkon kalmar da na faɗa. Na kira duk gidan su zo su ji. Na ce, "Ba na faɗa muku ba?"

Iya kuwa Turancinta bai wuce kalma huɗu ko biyar ba, zo, zauna, ci. Da su take lallaɓa jikarta. Da can idan ta goya ta, wuni take tana yi mata hira da 'yan waƙoƙin reno, tana ba ta labarin duk wanda ya shigo gidan da abin da ya kawo shi. Yanzu sai ta riƙa goyon shiru. Wata rana na dawo da wuri saboda an tashe mu kafin lokaci, na same ta a bayan ɗaki ta rungume yarinyar a ƙirji tana rera mata waƙa ƙasa-ƙasa, yarinyar ta ɗora tafin hannunta a maƙogwaron Iya tana dariya. Na tsaya a kansu na ce, "Iya, mun fa yi magana." Ta katse waƙar nan take, kamar yarinyar da malama ta kama tana surutu a aji. Mahaifiyata ce, ta haifi bakwai ta raini biyar har suka girma.

Sau biyu a cikin shekarar nan matar yayana ta sake tayar da maganar asibiti. Na farko na ce mata kowane yaro da lokacinsa. Na biyu na nuna ɓacin rai, na ce in ba a yarda da ni ba a faɗa mini in daina wahalar da kaina. Ta ba ni haƙuri.

Abin da ya kawo ƙarshen dokata ya faru ne wata safiya, yarinyar ta ɗan haura shekara uku. Ta fita ƙofar gida tana bin wata akuya, wani ɗan okada ya shigo layinmu yana ta danna ham tun daga nesa. Duk yaran da ke wajen suka watse, ita kaɗai ta ci gaba da tafiya a tsakiyar hanya, ta ba shi baya. Allah ya sa ya taka birki, ya faɗi gefe shi da babur ɗin, ya kuje gwiwa. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa, a kan idonta aka yi komai. Da na dawo da yamma ta same ni a ɗaki. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Anti, gobe zan kai ta asibiti. Na gaya wa babanta. Ina so ki raka ni, ke ce mai jin Turancinsu."

Ba shawarata ta nema ba a wannan karon. Na ce to.

Daga ƙaramin asibitin unguwa aka tura mu babba, can kuma aka ba mu rana, sai bayan makonni. Ranar gwajin muka yi sammako. Aka shigar da yarinyar wani ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka yi ta gwada ta da sautuka, daga baya aka jira ta yi barci aka manna mata wayoyi a kai da bayan kunnuwa. Bayan azahar aka kira mu wurin likitar, wata mace mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta tambaya ko yarinyar ta yi shawara da aka haife ta. Uwar ta ce ta yi, har an kwantar da su kwana biyar. Likitar ta ce mai yiwuwa daga nan ne, amma ba za ta rantse ba. Sannan ta faɗa mana a fili: kunnuwan biyu duka ba sa ji sosai, na hagu ya fi lalacewa, na dama akwai ɗan saura da na'ura za ta iya taimaka wa.

Matar yayana tana jin Turanci daidai gwargwado, ba ta jira fassarata ba. Ta sa gefen mayafinta ta rufe baki.

Likitar ta ce, "Yaushe kuka fara lura?"

Matar yayana ta ce, "Kakarta ta lura tun ba ta cika shekara biyu ba."

Likitar ta ajiye biro. "Fiye da shekara ke nan. Me ya hana ku zuwa? Shekarun nan na farko su ne lokacin da yaro yake ɗaukar magana. Duk watan da ya wuce yana da muhimmanci."

Ina zaune a kujerar da ke gefen matar yayana, cinyata na taɓa tata. Na jira ta nuna ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun ɗauka za ta yi magana ne."

Likitar ta yi mata faɗa, ba da tsawa ba, amma faɗa ne. Ta ce kullum haka iyaye suke yi, sai abu ya yi nisa. Daga nan ta juyo gare ni, ta ga jakata da irin Turancin da na gaishe ta da shi, ta tambayi aikina. Na ce malama ce, ina kuma karatun digiri. Ta ce, "To irinku ne ya kamata ku riƙa wayar wa mutanenku da kai. Da an tambaye ki ai da ba a kai haka ba."

Na ce, "Haka ne, likita."

Ban tsaya nan ba. Da muka miƙe za mu fita, na tambaye ta cikin ƙaramar murya ko yawan harsuna a gida yana iya hana yaro magana. Ta ce, "Yaran garin nan nawa ne suke tashi da harshe uku, kuma bakinsu ya fi na kowa kaifi? Wa ya gaya musu haka?"

Na ce, "Haka ake faɗa a unguwa."

Matar yayana ta saɓa 'yarta a kafaɗa ta yi gaba. A cikin danfo har muka iso Agege ban iya kallon inda take ba. Da kwandasta ya zo ita ta miƙa masa kuɗin mu biyu.

A gida yayana ne ya fara tambaya, ita ta yi masa bayani, ba ta ambaci abin da ya gudana tsakanina da likita ba. Ya je ya zauna a bakin rijiya. Iya ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya tana shafa kanta. Can ta ɗago ta dube ni ta ce, "To yanzu an yarda in yi mata Hausa?" Na nemi gatse a muryarta ban samu ba. Da gaske izini take nema. Yayana ne ya ce, "Iya, yi mata duk abin da kika ga dama."

Washegari na ciro takardun lakcar nan daga ƙasan akwati, ina neman inda aka rubuta abin da na faɗa, ko na samu abin kare kaina. Na samu wurin. Sakin layi ne guda, na ja masa layi da jan biro: an ce a da wasu suna ganin yawan harsuna yana rikita yaro. Jimlar da ke biye, wadda ban ja wa layi ba, ta ce wannan ra'ayi bai tabbata ba. Shafi biyu gaba kuma, a ƙarƙashin wani kan magana da malaminmu ya ce ba zai fito a jarrabawa ba, an rubuta cewa duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, abu na farko shi ne a gwada jinsa. Takardar tana cikin ɗakina duk tsawon shekarar nan. A darasin kuma na ci maki mai kyau.

Yayana bai taɓa yi mini faɗa ba. Gaisuwa dai muke yi, ya wuce. Ya daina tambayata yadda karatu yake, mutanen gida kuma suka daina kirana Farfesa ba tare da wani ya hana su ba. An sha wahala kafin a samu na'urar kunnen, da aka samu kuma yarinyar ta yi ta cizge ta tana jefarwa, sai da aka yi watanni kafin ta saba. Aka sa ta a wata makaranta ta yara masu matsalar ji, inda ake koya musu maganar hannu tare da ta baki. Uwarta ta rage ɗinki don ta riƙa kai ta tana ɗauko ta. Ni kuwa na gama digirina, aka yi walima a tsakar gida, matar yayana ce ta ɗinka mini kayan da na sa.

Sai da aka shekara biyu da zuwanmu asibiti kafin na iya buɗe baki in nemi gafara. Wurin Iya na fara zuwa, ta katse ni tun ban kai ƙarshe ba, ta ce Allah ya riga ya rubuta, in tashi in duba mata tukunya. Na matar yayana ya fi wuya. Na same ta wata Lahadi da hantsi tana yanka yadi a kan tebur, na tsaya a bakin ƙofa na ce ina son magana da ita. Na faɗi duka, har da abin da na ce wa likita da abin da na gani a takardata. Ba ta daina yankan ba sai da ta kai ƙarshen layin alli.

Ta ce, "Na ji haushinki, Anti. Ranar nan a asibiti, da kika ce haka ake faɗa a unguwa, na ji kamar in mare ki a gaban matar." Ta ajiye almakashi. "Amma ni ma na san abin da Iya ta gani. Ni ce nake kwana da yarinyar. Da kika zo da bayaninki, daɗi na ji, don ba na son a gaya mini cewa kunnen ne. Ba ke kaɗai ba ce."

Na ce wannan bai wanke ni ba. Ta ce ita ma ba ta ce ya wanke ni ba. Sannan ta ce akwai ajin da ake yi wa iyaye da 'yan uwa ranar Asabar a makarantar yarinyar, ana koya musu maganar hannu, ita ɗinki ba ya barinta zuwa kowane mako, tunda na gama karatu ko zan riƙa zuwa. Na ce zan je.

Na je, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa jinkirin ɗauka a ajin. Yatsuna sun yi tauri, ina rikita alamar gobe da ta jiya. Wata mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, wadda ba ta taɓa shiga aji ba a rayuwarta, ita malamin yake sawa ta gyara mini hannu.

Yarinyar yanzu shekararta tara. Tana magana, amma sai wanda ya saba da ita yake gane duka, kuma idan ta gaji takan cire na'urar ta koma hannu. Tana son lissafi, ba ta son a taɓa mata kai. Ban san iya abin da shekarar nan ta rage mata ba. Na taɓa tambayar malamarsu, ta ce ba wanda zai iya auna wannan, in bar tambayar. Ita yarinyar ba ta san komai a kai ba tukuna. Na gaya wa uwarta cewa idan ta ƙara girma ni zan faɗa mata da kaina, ta ce sai dai in bari ta gama firamare.